ƘAYAR DA TA GAGARI MASU KIWO A ƘASASHEN TURAWA

A fitowar wannan mako, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ta leƙa fannin aikin gona, kuma za mu ɗan yi nisa da gida, mu je ƙasashen da ake kiwon shanu da tumaki cikin filaye masu shinge.

Duk wanda ya taɓa fita daji ba takalmi ya san dayi, ƙayar nan mai kwanciya a ƙasa wadda raƙuma ke ci. To dayi tana da dangi a Turai da yammacin Asiya, waɗanda suka fi ta tsayi, suka kuma fi ta fitina. Turawa na kiransu tisil. Ganyensu ƙaya, karansu ƙaya, har gindin furen ma ƙaya ce ta kewaye shi. Furen kuwa kyakkyawa ne, launin shunayya, ƙudan zuma na son sa ƙwarai. Mutanen Sikotilan ma sun ɗauki furen tisil ya zama tambarin ƙasarsu. Amma ka tambayi mai kiwon tumaki a Niyu Zilan ko mai shanu a Amurka, ba zai yi maka zancen kyau ba.

A ƙasarta ta asali wannan ƙaya tana da abokan gaba. Akwai ƙwari masu cin irinta, akwai masu huda karanta, akwai cututtukan da ke kama ganyenta, don haka ba ta samun sake yadda take so. Da Turawa suka fara ƙaura zuwa Amurka da Kanada da Ostiraliya da Niyu Zilan, sai suka tafi da irin shuka da abincin dabbobi a jiragen ruwa, irin ƙayar ya bi su a ɓoye cikin buhuna. Ƙwarin da ke cin ta kuwa aka baro su a gida. Ta sauka a sabuwar ƙasa, ga fili, ga ruwa, babu mai ce mata kanzil. Tun a shekarar 1795 jihar Bamont ta Amurka ta kafa doka a kan ɗaya daga cikin ire-irenta, kuma a shekarun 1850 aka yi irin wannan doka a Ostiraliya. A Birtaniya ma, inda take 'yar gida, dokar ciyayi ta 1959 ta lissafa tsirrai biyar da hukuma za ta iya tilasta wa mai fili ya hana su yaɗuwa, biyu daga ciki tisil ne.

Mai karatu zai iya cewa, to ƙaya ce fa, mece ce ta abin doka? Ga yadda ɓarnar take. Saniya ba ta son ƙaya ta soke ta a hanci ko a leɓe, saboda haka idan ta ga gindin tisil sai ta kauce, ta bar ciyawar da ke kewaye da shi ba ta ci ba. Ke nan gindi ɗaya yana hana cin fili da ya fi girmansa. Dabbobin sai su tattaru a sauran wurin da babu ƙaya, su yi ta ci har ƙasa ta fito fili. Ƙasar da ta tsiraita kuwa ita ce abin da irin tisil yake jira, domin ba ya iya tsira da kyau a ƙarƙashin inuwar ciyawa mai kauri. Shekara na zagayowa sai ƙaya ta ƙaru, wurin ci ya ragu, dabbobi su ƙara matsa wa abin da ya rage. Haka abin ke tafiya har mai fili ya ga dole ya rage garkensa. Ban da wannan, ƙayar na maƙalewa a gashin tumaki ta rage masa daraja a kasuwa, tana ji wa 'yan raguna rauni a baki har ƙwayar cuta ta sami ƙofar shiga, kuma idan ta shiga cikin busasshiyar ciyawar da aka ɗaure don ajiya, dabba ba ta son ci, mai ɗauka ma hannunsa ya sha wuya.

Ire-irenta suna da yawa, amma guda biyu za mu duba, domin halinsu ya bambanta, maganinsu ma ya bambanta. Wanda ya haɗa su ya yi musu magani ɗaya, wahala zai sha.

Ta farko masana na kiranta Carduus nutans. Mu kira ta mai sunkuyo, saboda furenta babba ne, yana rinjayar kara ya sunkuyar da kai. Yawanci shekara biyu take rayuwa. A shekarar farko ba ta yin kara, ganyenta na shimfiɗe a ƙasa a kewaye kamar faifai, tana tara abinci a doguwar saiwa guda ɗaya mai kama da karas. A shekara ta biyu sai ta fitar da kara, wani lokaci ya fi mutum tsayi, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu. Gindi ɗaya mai ƙarfi na iya ba da iri dubbai. Kowane iri yana da gashi mai laushi irin na 'ya'yan tumfafiya, amma yawancinsu ba sa nisa, kusa da uwar suke faɗuwa. Tunda ba ta da wata hanyar haihuwa sai iri, duk wanda ya hana ta zubar da iri ya kama hanyar gamawa da ita. Shi ya sa ake sare ta da fartanya ko shebur a ƙarƙashin ƙasa kaɗan, ƙasa da inda ganye ya haɗu da saiwa. Idan aka sare a sama, sake tohowa take. Akwai kuma wani tarko: furen da ya riga ya buɗe, ko an yanke shi an yar a ƙasa, yana iya ƙarasa nunar da irinsa. Dole a tattara kawunan a ƙone. Kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne, tunda irin da ya riga ya shiga ƙasa yana iya yin shekaru yana jiran ranar da haske zai same shi.

Ta biyun ita ce uwar matsala. Sunanta a kimiyyance Cirsium arvense. Abin dariya, Amurkawa na kiranta ƙayar Kanada, mutanen Niyu Zilan na kiranta ƙayar Kalifoniya, alhali daga Turai da Asiya ta fito. Kowa ya jingina laifin ga wani. Ingilishi ne suka ba ta sunan da ya dace da halinta, wato mai rarrafe, domin saiwarta ce ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. Wasu saiwoyin suna nutsewa mita biyu ko fiye, wasu suna tafiya gefe mitoci da dama cikin shekara ɗaya, suna fitar da sababbin tsirrai a hanya. Idan ka ga dandazon wannan ƙaya a fili, sau da yawa tsiro ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa mai kawuna ɗaruruwa a sama. Akwai namiji akwai mace a cikinta, kuma dandazo guda na iya zama duk maza, ba ya ba da iri ko ɗaya, amma yana ci gaba da cin fili ta saiwa.

A nan ne garma ke yaudarar manomi. Ya ga ƙaya, ya sa tarakta ta kife ƙasa, fili ya yi fes. Abin da ya yi shi ne ya daddatsa saiwar, kuma guntun da bai kai gaɓar yatsa ba yana iya zama sabon tsiro. Garmar kuma ta ja guntayen ta watsa su inda babu ƙayar a da. Ya shuka ta da hannunsa bai sani ba.

To yaya ake yi da ita? Yunwa ake sa mata. Saiwar rumbu ce. Lokacin da tsiron ke fitar da kara yana shirin fure, daga rumbun nan yake ɗiba, saboda haka dab da buɗewar fure rumbun ya fi kowane lokaci raguwa. A daidai nan ake yanke ta. Za ta sake tohowa, ta ƙara ɗiba daga rumbu, a sake yankewa kafin sabon ganye ya mayar da abin da aka ci. Sau biyu ko uku a shekara, shekara biyu ko uku a jere, sai saiwar ta raunana. Wanda ya yanke sau ɗaya ya tafi ya huta, aski kawai ya yi mata. Masu bincike a Niyu Zilan sun gano wani abu da ya ba mu sha'awa: yankan da aka yi ana cikin ruwan sama ya fi kashe ta, kuma suna ganin dalili shi ne danshi yana taimaka wa cututtukan tsirrai su shiga ta bakin yankan.

Akwai maganin feshi, kuma ana amfani da shi sosai. Ya fi aiki a kan mai sunkuyo tun tana kwance kamar faifai, kafin ta yi kara. Sai dai yana da nasa farashi. Filayen kiwon Turawa suna dogara da wata 'yar ciyawa dangin wake da gyaɗa wadda ake kira kuloba, mai ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda muka karanta game da saiwar wake, kuma maganin da ke kashe tisil yakan taɓa ta. A yankin Hokis Be na Niyu Zilan, bayan shekaru ana fesa magani iri ɗaya, a shekarun 1980 aka tarar mai sunkuyo ta fara jure masa. Wani sabon magani kuma, aminopyralid, yana kashe ƙayar da kyau, amma ba ya narkewa a cikin dabba. Saniya ta ci ciyawar da aka fesa, maganin ya fita cikin kashinta. A shekarar 2008 masu lambu da yawa a Birtaniya suka zuba takin shanu da na dawaki, sai tumatir da dankali da wakensu suka nannaɗe suka lalace, har hukuma ta dakatar da sayar da maganin na wani lokaci.

Mu kam abin da ya fi burge mu shi ne akuya. Abin da saniya ke gudu, ita nema take. Leɓenta siriri ne, tana iya tsinke kan furen ta cinye ba tare da damuwa ba, kuma kan furen nan shi ne ma'ajiyar iri. Shi ya sa wasu masu tumaki a Niyu Zilan da Ostiraliya ke haɗa awaki cikin garke don wannan aiki. Wanda ya ga akuyarmu ta ɗage ƙafa tana cin ganyen bagaruwa ba zai yi mamaki ba. Duk da haka masana kiwo sun fi nanata abu ɗaya: kada a bar dabbobi su cinye fili har ƙasa ta bayyana. A raba fili gida-gida, a ci wannan a bar wancan ya huta, ciyawa ta yi kauri ta rufe ƙasa.

Sai labarin ƙwaro, wanda shi ne ya sa muka zaɓi wannan batu tun farko. Masana suka yi tunani cewa tunda rashin abokan gaba ne ya ba ƙayar ƙarfi, a je Turai a ɗauko mata su. Aka zaɓi wani ɗan ƙwaro mai suna Rhinocyllus conicus, ɗan uwan ƙwaron nan da ke huda masara a buhu. Macen tana yin ƙwai a bayan kan furen, tsutsotsin su ƙyanƙyashe su huda ciki, su cinye wurin da iri ke fitowa. An sake shi a Kanada a 1968, a Amurka a 1969, a Niyu Zilan a 1973. A wurare da dama a Amurka ya yi aiki, mai sunkuyo ta ragu ƙwarai, ba feshi ba fartanya. Aka riƙa kwasar ƙwaron ana kai wa jiha-jiha.

Amma Amurka tana da nata ire-iren tisil 'yan asalin ƙasa, waɗanda ba sa damun kowa, kuma ƙwari da tsuntsayen wurin suna rayuwa a kansu. Tun kafin a saki ƙwaron an san yana iya cin wasu daga cikin danginsu, sai aka ɗauka zai fi son abincinsa na gida, ba zai kula su sosai ba. Wata masaniyar tsirrai a Jami'ar Nebraska, Svata Louda, ta daɗe tana nazarin wata tisil 'yar ƙasa da ke tsira a tuddan yashi na jihar. A farkon shekarun 1990 sai ta fara ganin baƙon ƙwaron a cikin furanninta, a wurin da babu mai sunkuyo ma kusa. Cikin 'yan shekaru ya yawaita, irin da tsiron ke bayarwa ya ragu matuƙa, wasu ƙudaje 'yan ƙasa da tsutsarsu ke girma cikin furen su ma suka ragu. Ita da abokan aikinta suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 1997. A shekarar 2000 ma'aikatar gona ta Amurka ta soke izinin ɗaukar ƙwaron daga jiha zuwa jiha. Sai dai ƙwaro ba ya karanta takardar hukuma. Feshi idan ya yi ɓarna ana iya dainawa, amma abu mai rai da ke haihuwa yana tashi sama, idan an sake shi an sake shi ke nan. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Niyu Zilan ba ta shiga wannan damuwa ba, domin ba ta da tisil 'yan asalin ƙasa da ƙwaron zai koma wa. Shi ya sa ta ci gaba da shigo da wasu, har da wani koren ƙwaro mai cin ganyen mai rarrafe da aka saka a 2007. Ƙwaro ɗaya, a wata ƙasa alheri, a wata ƙasa alheri haɗe da ɓarna, kuma abin da ya bambanta su shi ne tsirran da ya tarar a wurin.

Ba mu da mai sunkuyo ko mai rarrafe a filayenmu, sun fi son ƙasashe masu sanyi. Amma muna da namu baƙin. Kashin yawo, wanda ke maƙale wa akuya a gashi ya soki mai tafiya a ƙafa, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma babban danginsu ɗaya da tisil. A lura da inda ya fi yawa: bakin mashaya, gefen burtali, kewayen turke, duk inda kofato ya tattake ƙasa ciyawa ta ƙare. Muna roƙon 'yan ƙungiyar matasa manoma su zagaya bayan filin ƙwallo da gefen gonar makaranta kafin ya bushe ya zubar da 'ya'ya, su tumɓuke wanda suka gani, su tara a ƙone. A sa takalmi, a kuma rufe hannu.