Ɓawon da Zafi Ke Ginawa

 Yau za mu leƙa cikin na'urorin da ke sarrafa wuta a jiragen ƙasa da motoci masu aiki da lantarki. A can akwai wani ɗan siririn faranti na tangaran da ake kira alminiyam naitiraid, wato haɗin alminiyam da iskar naitirojin. Lantarki ba ya ratsa shi, amma zafi na ratsa shi a guje. Shi ya sa ake ɗora masa kayan da ke saurin ɗaukar zafi, ya riƙa kwashe musu.

Tun 1862 wasu masana biyu a Jamus, Briegleb da Geuther, suka fara haɗa shi. Amma ku ji abin da ya fi ɗaukar mini hankali. A farkon ƙarni na 20, wani mai suna Ottokar Serpek ya so ya yi takin zamani da shi. Taki, jama'a! Domin in ruwa ya taɓa garin wannan sinadari, sai ya saki amoniya, iskar nan mai hawa kai da ake haɗa taki da ita. Har masana'anta aka kafa a Faransa, ana gasa ƙasar alminiyam da gawayi cikin iskar naitirojin. Sai ga hanyar Haber da Bosch ta haɗa amoniya ta fara aiki a Oppau ta Jamus a 1913, da araha, ta kashe masa kasuwa. Ciniki ya mutu, amma halin sinadarin na nan: har gobe ana ɓoye garinsa daga danshi.

To, yaya yake da iska? Ko a ɗaki aka ajiye shi, oksijin na kama fuskarsa, ya yi masa ɓawo mai kaurin nanomita 5 zuwa 10. Nanomita ɗaya kuwa, ku raba milimita gida miliyan. Ido ba ya gani. In zafi ya haura digiri 700, sai ɓawon ya fara kauri. Oksijin na shiga, naitirojin na fita, fuskar na rikiɗa ta zama alumina, wato haɗin alminiyam da oksijin. Ɓawon nan shi ke tsare abin da ke ƙarƙashinsa har wajen digiri 1370. Ku riƙe lambobin nan biyu, 700 da 1370. In an haura 1370 garkuwa ta faɗi, cin ya shiga har ciki. In kuma akwai tururi a iskar, abin ya fi sauri.

Kun san ƙanzo a gindin tukunya: in siriri ne yana manne, in ya yi kauri sai ya tsattsage. Haka ɓawon yake. Idan farantin ya huce, alumina ya fi abin da ke ƙarƙashinsa tsukewa, sai tsaga ta bayyana. Ga shi kuma alumina ba ya wuce da zafi sosai, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farantin ba.

Duk da haka injiniyoyi da gangan suke gasa farantin a wajen digiri 1200, don jan ƙarfe ba ya manne wa fuskar in babu ɓawo. Sai ɓawon ya yi kaurin maikiromita 1 ko 2, wato nanomita dubu ɗaya ko biyu, sannan a ɗora jan ƙarfen a wajen digiri 1065, su kama juna gam. Ya gaza haka, ba ya riƙo. Ya wuce haka, ya ɓantare. Wannan awon shi ne gwanintar, kuma ni dai ya burge ni matuƙa.

 A taƙaice, oksijin da ya kutsa can cikin farantin rage masa gudun zafi yake yi, kamar yadda Glen Slack na kamfanin General Electric ya nuna a Amurka. A fuska ake son sa, kuma da awo.