Ciwon da Ba Shi da Miki a Gidajen Ma'aikatan Jami'a

Ku sani mu da muke zaune a zaure da allo, ko a rumfa da mudu, mun daɗe muna zaton ma'aikacin jami'a ya huta: ga gida, ga albashi wata-wata, ga girma a idon jama'a. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin gidajen nan akwai wani ciwo wanda ba ya fid da miki, likitoci suna ce masa ciwon damuwa. Ba malamai kaɗai yake kamawa ba, har akawu da direba da masinja da mai gadi.

Mafarinsa galibi nauyi ne bisa nauyi. Malami ɗaya ya karantar da ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki guda, ya kwana yana duba takardun jarrabawarsu, sa'an nan ba za a ƙara masa girma ba sai ya yi bincike an buga. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta Nijeriya, watau ASUU, ta yi yajin aiki na wata 9. A 2022 ta sake yi, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur, gwamnati kuwa ta riƙe albashinsu. Ba su gama farfaɗowa ba sai aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na hatsi suka tashi. Duk ɗan kasuwar da ke maƙwabtaka da jami'a ya ga alamar wannan a littafin bashinsa.

Bisa wannan kuma sai al'amuran rayuwa su sauka. A shekarar 1967 wasu likitoci biyu na Amurka, Holmes da Rahe, sun jera al'amura 43 da kan girgiza mutum, suka ba kowanne awo. Mutuwar mata ko miji suka sa 100, rabuwar aure 73, ɗaura aure 50, kora daga aiki 47, ritaya 45. Ku lura, har abin farin ciki yana da nauyinsa. Abin da suka gano shi ne, idan awon nan ya taru da yawa cikin ɗan lokaci, rashin lafiya ya fi kusa da mutum. Falke ya riga ya san haka, domin ba mangala ɗaya ke durƙusar da jaki ba, ƙari bisa ƙari ne.

Kada wani ya ce wannan ilmin Turawa ne kaɗai. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya yi bayaninsa cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da sababi bayyananne ba, wanda asalinsa daga jiki yake, yana kuma bukatar magani. Kada kuma a ce raunin imani ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, ai Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta cikin tarihin Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Alamominsa kuwa su ne: mutum ya wuni cikin ƙunci, abin da yake so da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya daina daɗi, ya kasa tattara hankalinsa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Idan haka ta ɗore mako biyu ko fiye, ya wuce gajiya, ya zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a 2019 sun kai wajen miliyan 280.

Yana kuwa da magani, na sha da na zantawa da masanin wannan fanni. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, zuwa can kuma ba shi ne hauka ba. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana wulakanta mai irin wannan lalura.

To, ya ku malamai, idan irin wannan bawan Allah ya zo neman addu'a, ku yi masa, sa'an nan ku tura shi ga likita, domin neman magani ba ya kore tawakkali. Idan kuka ji yana ambaton gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Ku kuma 'yan kasuwa, ku jinkirta wa wanda albashinsa ya makale, kada ku tona shi a bainar jama'a. Mu tuna 'ya'yanmu ne suke zaune gabansa, daga hannunsa likitanmu da alƙalinmu na gobe za su fito, rijiyar da ta ƙafe kuwa ba ta shayar da kowa.

Allah ya yaye wa mai ƙunci ƙuncinsa, amin. Wassalam.