Barin Taba Ba Ya Bukatar Rantsuwa

A Bande da sauran garuruwan Magarya da Dungas, mai tebur kara-kara yake sayar da sigari, shi ya sa mashayi ba ya jin zafin kuɗin. Amma a ce kara ɗaya dala biyar ne, wato sefa 25, kuma mutum yana shan goma a wuni. A shekara ya ƙone sefa 91,250 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, Nijar ma tana da dokar yaƙi da shan taba tun 2006. Mashaya sun san illarta, da yawansu ma sun taɓa yunƙurin bari. Abin da ke mayar da su ruwa shi ne faɗuwar gaba da kuma ganin kansu a matsayin masu laifi wurin Allah.

Za ka ji mashayi yana cewa taba ce ke kwantar masa da hankali. Gaskiyar magana ita ce ke tayar da shi. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin ƴan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, bayan awa biyu kuma ya ragu da rabi a jini. Da ya ragu sai jiki ya fara neman ƙari: ƙunci, saurin fushi, rashin natsuwa. Sabon kara ya kashe wannan ƙishin na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka magani ya sha. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila ta wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka daina, damuwarsu da fargabarsu sun ragu fiye da na waɗanda suka ci gaba. Wahalar dainawa ta fi tsanani a makon farko, daga nan ta riƙa sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita kanta sha'awar idan ta taso, ƴan mintoci take yi ta lafa. Alwala, kofin ruwa ko ɗan tattaki sun isa a tsallake ta.

Akwai abin da ƴan fada masu zaman shan shayi ya kamata su sani. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin da ke cikin shayi da kofi mai hana barci. Idan ka bar taba kana shan shayi mai kauri kamar da, ƙarfinsa zai ƙaru a jikinka, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace. Sai ka zargi rashin taba alhali butar shayi ce. A rage shi, musamman da dare.

Ragewa sannu a hankali hanya ce mai kyau, amma da sharaɗi: a sa ranar dainawa, kada ta wuce ƴan makonni. Ragewa marar rana yaudarar kai ce, domin mai shan kara uku yakan zuƙe su da ƙarfi don ya rama abin da ya rage. A riƙa jinkirta karan farko na safe, a raba taba da shayi da bayan cin abinci. Komawa taba gari ko shisha kuwa sauya wa tuwo suna ne, nikotin ɗin yana nan.

Sai batun addini, inda aka fi yin ɓarna. Malamai sun daɗe suna saɓani kan taba. Ahmad Baba na Tumbutu ya halatta ta a farkon ƙarni na 17, tun ba a san cutarta ba. Yau wasu na cewa makaruhi ce, da yawa na cewa haram. Mashayi ya ji wa'azi, jikinsa ya yi sanyi, ya rantse da Allah ba zai ƙara ba. Kwana uku ya karya. Yanzu ga taba, ga kaffarar ciyar da miskinai goma, ko azumin kwana uku ga wanda ba shi da hali, ga tunanin cewa shi munafuki ne. Wannan tunanin ne ke ƙara masa ƙunci, ƙuncin ya kai shi wurin mai tebur. Ƴan'uwanmu Kiristoci ƴan Katolika ma suna shiga irin wannan hali idan suka yi alkawarin bari a azuminsu na kwana arba'in suka kasa, duk da cewa Fafaroma Francis da ya hana sayar da sigari a fadar Vatican daga 2018, dalilin lafiya ya kafa hujja da shi. A ganina niyya da addu'a sun wadatar, rantsuwa ƙarin kaya ce. Wanda yake haƙura daga asuba zuwa magariba a watan Ramadan ya riga ya ga cewa zai iya. Idan ya zame ya sha kara ɗaya, ya ci gaba daga inda ya tsaya, yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama.

Iyali da malamai su daina gori, su riƙa tambayar mutum yadda ya kwana. Wanda kuma fargaba ta hana shi barci ko aiki har wata guda, ko yake jin ciwon ƙirji, ya je likita ta Bande ko asibitin Magarya a duba shi.