Abin da ke sa ƙaramar bindiga ta ƙi tashi, da haɗarin da ke biyo baya

A ƙasar Hausa, idan aka ja kunamar bindiga ta ƙi tashi, abin da jama'a kan fara faɗa shi ne wanda aka auna ya sha magani. Wannan imani ya sha jawo asarar rayuka, domin an sha jin labarin waɗanda suka mutu wajen gwajin maganin bindiga. Masana makamai kuwa sun san cewa matsala ce ta inji, kuma gindin harsashi ne ke bayyana musabbabinta.

Harsashin zamani yana da sassa huɗu: kwanso, albarushi, kan da ke fita, da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tsakiyar gindinsa, wanda ake kira firaima. A cikin ƙoƙon akwai sinadarin da ke kamawa da wuta idan aka buge shi da ƙarfi, dabarar da wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi wa rajista a shekarar 1807. Idan aka ja kunama, sifirin yakan tunkuɗa wata allurar ƙarfe ta daki firaima, wuta ta shiga albarushi, harsashi ya tashi. Idan dukan ya yi rauni, sai a ji ɗan ƙara kawai, bindiga ta yi shiru.

A ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, irin wadda jami'an tsaro ke ratayawa a ƙugu, masu gyara kan fara da duba lotsawar da allurar ta bari. Idan lotsawar tana tsakiya amma ba ta yi zurfi ba, ƙarfin dukan ne ya gaza. Babban abin da ke jawo haka shi ne datti. Man shafawa da ya taru a ramin allura yakan haɗu da baƙin albarushi da ƙurar hunturu, ya daskare, ya rage wa allurar gudu. Shi ya sa kamfanin Glock ke gargaɗin kada a zuba mai a wannan rami. Haka nan sifirin yakan saki saboda daɗewa, bakin allura kuma yakan cinye ko ya karye.

Idan lotsawar ta kauce zuwa gefe, alama ce cewa murfin saman bindigar mai kai-da-komo bai rufe ruf ba lokacin da aka ja kunama. Datti a mazaunin harsashi ko gajiyar sifirin da ke mayar da murfin kan haddasa hakan.

Idan kuwa lotsawar ta yi zurfi yadda ya kamata amma harsashin bai tashi ba, to laifin na harsashin ne. Laima ko mai kan lalata sinadarin idan an daɗe da ajiye shi a mummunan wuri. Akwai kuma harsasan soja masu taurin firaima, waɗanda ke buƙatar duka mai ƙarfi fiye da na sauran.

Babban haɗarin yana cikin daƙiƙun da ke biyo bayan shirun. Wani lokaci wutar kan kama a makare, harsashin ya tashi bayan an ɗauka ya mutu. Saboda haka ƙa'idar filin atisaye ita ce a ci gaba da fuskantar da bindigar inda ba kowa har kimanin daƙiƙa 30, sannan a cire harsashin a keɓe shi. Leƙa bakin bindiga ko juya ta wajen mutane a wannan lokaci ganganci ne. Gyaran kuma aikin ƙwararren jami'in ma'ajiyar makamai ne.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Duk da haka, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya tsinci kansa a gaban bindigar da ta ƙi tashi ya sani cewa harsashi na gaba yana iya tashi. Abin da ya kamace shi shi ne neman mafaka nan take.