Ƙofa da Gobara: Sharuɗɗan Tsare Rayuka a Wuraren Taruwar Jama'a

Ranar 13 ga watan Mayu, 1951, wuta ta kama gidan silima na El-Duniya a Kano. 'Yan kallo kimanin 600 ne a ciki, mutum 331 daga cikinsu suka rasu. Binciken da Gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa wutar ta tashi ne daga ɗakin na'urar haska fim, sa'an nan ta bi rufi ta bazu. Fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya kama wuta ko cikin ruwa aka tsoma shi ba ya mutuwa da sauƙi, kuma sai a farkon shekarun 1950 aka daina yin irinsa. Wannan ya bayyana mafarin gobarar. Tambayar da ta rage, wadda ita ce tushen dukan dokokin gobara na wuraren taro, ita ce: me ke hana jama'a fita kafin wuta ta ci ƙarfinsu?

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, yawancin waɗanda ke mutuwa a gobara hayaƙi ne ke kashe su tun harshen wuta bai iso gare su ba. Hayaƙi yana taruwa a ƙarƙashin rufi, ya riƙa saukowa, ya rufe gani, kuma yana ɗauke da iskar guba mai sumar da mutum. Saboda haka 'yan mintoci kaɗan ne jama'a ke da su. Kowane sharaɗi da doka ta gindaya, ɗayan abu biyu yake nufi: ko ya jinkirta wuta da hayaƙi, ko ya gaggauta fitar mutane. 'Yan kwana-kwana, kome ƙwazonsu, galibi sukan iso ne bayan waɗannan mintoci sun wuce.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yawancin ƙa'idojin da injiniyoyi ke bi yau an same su ne daga gobarar da aka yi a wasu ƙasashe, musamman guda biyu a Amurka, waɗanda aka bi diddiginsu filla-filla.

Ta farko ita ce ta gidan wasan kwaikwayo na Iroquois a birnin Shikago, ranar 30 ga Disamba, 1903. Mako biyar ke nan da buɗe gidan, ana ta tallarsa cewa wuta ba ta iya cin sa. Fitilar dandali ta kunna wa wani labule wuta. Labulen kariya da aka tanada domin ya raba dandali da 'yan kallo ya maƙale, bai sauko duka ba. Wasu ƙofofin fita an rufe su da labule, ba a ganinsu, wasu kuma suna da irin sakatar da jama'a ba su san yadda ake buɗe ta ba. Har ila yau an datse matakala da ƙofofin ƙarfe, don kada masu tikiti mai araha su sauko wurin masu tsada. Mutum kimanin 600 suka mutu, da yawansu mata ne da yara. Bayan wannan ne aka ƙera a Amurka irin sandar nan da ake gicciyawa a jikin ƙyaure, wadda da zarar an danna ta ƙofa sai ta buɗe, aka fara sayar da ita a 1908. Hikimarta ita ce, mutumin da ya firgita ba ya neman makulli, turawa kawai yake yi.

Ta biyu ta fi cancantar nazari. Ranar 28 ga Nuwamba, 1942, wuta ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove a birnin Boston. Mutum 460 aka yarda gidan ya ɗauka, amma a daren nan sun haura 1,000. An yi wa wurin ado da itatuwan kwakwa na jabu, an lulluɓe rufi da yadi, don haka cikin kamar minti biyar wutar da ta faro daga ɗakin ƙasa ta mamaye gidan. Babbar ƙofar irin mai juyawa ce. Da jama'a suka danno ta ta ɓangarorin biyu, sai ta cije. Wasu ƙofofin an kulle su don kada wani ya sulale bai biya kuɗi ba. Wata kuwa ciki take buɗewa, watau duk yadda na baya suka ƙara matsowa, haka suke ƙara danne ta. Mutum 492 suka hallaka, mai gidan kuma aka ɗaure shi bisa laifin kisan kai ba da niyya ba. Abin lura a nan shi ne, gidan yana da ƙofofi, amma ƙofar da ba ta buɗuwa a lokacin da ake bukatarta, ita da bango duk ɗaya ne.

Daga irin waɗannan aka tsara lissafin da ke cikin kundin kare rayuka na Amurka, wanda ƙasashe da dama ke koyi da shi. Ana fara ƙididdige yawan mutanen da zaure zai ɗauka: inda babu tebura, kowane mutum ana ba shi kimanin murabba'in mita 0.65, inda akwai tebura kuwa 1.4. Idan jama'a sun kai 50, wajibi ne a sami mafita biyu, ƙyauren kuma ya buɗe waje. Sun haura 500, mafita uku. Sun haura 1,000, huɗu. Faɗin ƙofa shi ma da ma'auninsa, watau milimita 5 ga kowane mutum, a matakala kuma kusan 8. Alal misali, zauren da zai ɗauki mutum 600 yana bukatar ƙofofi uku waɗanda jimlar faɗinsu ba ta kasa mita 3 ba. Dole ne kuma su yi nesa da juna, domin ƙofofi biyu da ke gefe guda wuta ɗaya tana iya tare su.

Akwai wani sharaɗi da ya samo asali daga halin ɗan Adam. Mutum in ya ruɗe, ƙofar da ya shigo ta ita yake nufa, ko da akwai wata kusa da shi. An ga haka a gidan rawa na Station a Jihar Rhode Island a 2003, inda soson da aka manna a bango don rage ƙara ya kama wuta, mutum 100 suka mutu, da yawa a cunkoson babbar ƙofa. Shi ya sa doka ta ce babbar ƙofa ita kaɗai ta isa fitar da aƙalla rabin jama'a, a kuma sa alamar mafita mai haske a bisa sauran, da fitilun batir masu iya ci na minti 90 bayan lantarki ya ɗauke.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne: ƙararrawar gargaɗi, da bututun yayyafa ruwa a rufi, da tukwanen kashe wuta, da hana ado mai saurin kamawa. Tukunyar kashe wuta ita ce aka fi gani a rataye, watakila don ta fi araha kuma mai duba gini yana saurin ganinta, alhali kuwa amfaninta bai wuce ƙaramar wuta da aka tara tun da wuri ba.

A Nijeriya akwai Dokar Hukumar Kashe Gobara ta 1963 da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Sai dai wahalar tana wajen abin da ke faruwa bayan an sa hannu a taswirar gini. Tsoron ɓarayi yakan sa a dasa ƙarafa a tagogi, a sa wa ƙofar gefe sarƙa da kwaɗo, makulli kuma yana aljihun maigadi da ya tafi cin abinci. Mai karɓar tikiti ya fi son ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya. A zauren biki akan ƙara kujeru a kan hanyar wucewa, a jingine janareto da jarkar fetur a bakin mafita. Ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan a taswira. Saboda haka jami'in da aka ɗora wa duba zauren lacca, ko ɗakin jarrabawa, ko gidan kallon ƙwallo, ya kamata ya je ne a lokacin da wurin ya cika, ya ƙirga jama'a, ya bi kowace hanya har waje, ya tura kowace ƙofa da hannunsa.