Kafin Ki Miƙa Kafaɗa a Yi Miki Allura

 

Kin san ƙullin nan da ke fitowa a kafaɗa ko gadon baya bayan daka da surfe, ko yini a sunkuye ana ɗinkin hula? In an danna shi, zafin ya harba har wuya. Tsoka ce ta ɗaure. A asibiti, likita kan soka allura daidai wurin da maganin kashe zafi mai suna lidocaine, wani lokaci a haɗa da sitiroyid. Tana taimakawa, amma wurin kan yi tsami kwana 2 zuwa 3, jini ya kwanta, wata ma ta ji jiri. Sitiroyid kan tayar wa mai ciwon suga da suganta. In kuwa aka zurfafa ta a saman kafaɗa ko tsakanin haƙarƙari, tana iya huda huhu.

To a hannun likita ke nan. Ina ga wanda aka kirawo daga kemis ya yi miki a zaure? Allurar ɗuwawu in ta kauce ta taɓa babbar jijiya, ƙafa na iya shanyewa. Marar tsabta kan zama maruru, sirinjin da aka maimaita kuma kan yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Fara da abin da ke ɗakinki. Tsoma tawul a ruwan ɗumi ki gasa wurin minti 15, sannan a yi miki tausa da man kaɗanya. Ki riƙa tashi kina miƙa a tsakanin aiki. Farasitamol mai miligiram 500, guda 2 a lokaci ɗaya, kada ya wuce 8 a kwana. Mai juna biyu, mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda, kada su sha diclofenac ko ibuprofen sai likita ya ce.

In ciwon ya haura mako 2, ko ya zo da zazzaɓi ko mutuwar hannu, ki lallaɓa maigida ya kai ki Babban Asibitin Gwarzo. In ta kama, za a tura ki sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala. Numfashi kuwa in ya sarƙe bayan allura, kada a jira gari ya waye.

Maigida, in kana saurare, kuɗin mota bai kai kuɗin jinyar ƙafa ba. Allah ya ba mu lafiya, sai mako mai zuwa.