Wane Malami Ya Kamata Sabon Ɗalibin Injiniya Ya Zaɓa?

A yawancin jami'o'in Nijeriya, sashe ne ke raba wa malamai kwasa-kwasai, ɗalibi kuwa sai ya shiga ajin da ya tarar. A Amurka abin ya sha bamban. A manyan jami'o'insu kwas guda na share fagen aikin injiniya yakan sami malamai uku ko huɗu, kowa da ajinsa da lokacinsa, ɗalibi ne kuma zai zaɓi wanda zai zauna gabansa. Sabon shiga yakan nemi shawarar na gaba da shi, amsar da ya fi samu kuwa ita ce, "Tafi wurin wane, ba ya rowar maki."

Zaɓin ba ƙaramin abu ba ne, domin karatun injiniya hawa-hawa ne. Alal misali, akwai darasin da ke koyar da yadda nauyi ke rarrabuwa a kan abin da ke tsaye cik, kamar gada, ko azarar da ta ɗauki rufin soro. Wanda bai ƙware a nan ba, idan ya isa darasin ƙarfin ƙarfe da kankare, sai ya tarar ba shi da tudun dafawa.

A shekarar 2010 wasu masana tattalin arziki biyu, Scott Carrell da James West, suka buga sakamakon binciken da suka yi a Kwalejin Mayaƙan Sama ta Amurka da ke jihar Kolorado. Wurin ya dace da bincike ƙwarai, saboda a can ba a ba ɗalibi zaɓi. Tamkar ta ƙuri'a ake rarraba su cikin azuzuwa, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, kuma wajibi ne kowa ya wuce zuwa darussan lissafi da na injiniya da ke biye. Da aka bi diddigin ɗalibai fiye da 10,000, sai aka ga abin mamaki. Waɗanda sababbin malamai suka koya wa lissafin shekarar farko sun fi cin maki a wannan kwas, sun kuma fi yabon malamansu. Amma a darussan gaba, ɗaliban gogaggun malamai ne suka yi zarra. Ɗaya daga cikin dalilan da masanan suka yi hasashe shi ne, sabon malami yakan tsaya kan abin da zai fito a jarrabawa, shi kuwa gogagge yakan faɗaɗa, ya kafa tushen da amfaninsa ba ya bayyana sai an yi nisa.

Salon koyarwa ma yana da nasa tasiri. A 2014 Scott Freeman, masanin ilmin halittu a Jami'ar Washington, shi da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 a fannonin kimiyya, injiniya da lissafi. Inda malami ke zuba lacca kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suka faɗi. Inda ake sa su warware matsala da kansu cikin aji, kusan kashi 22 ne. Sai dai ɗalibai ba su cika son wannan hanya ba. A wani gwaji da aka buga a 2019 daga Jami'ar Harvard, ɗaliban fiziks sun ce sun fi ƙaruwa da lacca mai daɗin saurare, alhali makinsu ya nuna akasin haka. Tsokar jiki ma ai sai ta ɗauki nauyi take ƙara ƙwari.

Wannan ba ya nufin duk malamin da ke murtuke fuska gwani ne. Akwai mai tsanani da ba ya tsinana kome, wanda ɗalibi zai fita ajinsa ba maki, ba ilmi. Abin da binciken ya nuna shi ne, wanda ya gama kwas jiya bai isa ba da shaida a kansa ba tukuna. Ɗan aji uku ko huɗu ya fi cancanta a tambaya, kuma tambayar ita ce: ajin wa ya fi yi maka rana daga baya? Yana da kyau kuma a duba tsofaffin takardun jarrabawar malamin, a ga ko hadda suke nema ko tunani, a kuma bincika ko yana gyara aikin gida ya mayar a kan kari. Jami'o'in Amurka da dama suna ba da 'yan kwanaki a farkon zangon karatu waɗanda ɗalibi zai iya sauya aji ba tare da asarar kome ba, kuma zama biyu ko uku ya isa a gane ko malami yana amsa tambaya ko yana kauce mata.